Ga masu neman sabon kiɗa a kunne

Salamu alaikum 'yan uwa na Jidda. Masu kukan cewa Anghami da Spotify sun ishe su da maimaita waƙa ɗaya, ga dabara: ku riƙa bin ƙananan kamfanonin da ke fitar da faya-fayai.

Ku shiga Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi a intanet, ku nemi Sahel Sounds, su ke fito da masu jita na Agadez da sauran sassan Nijar. Habibi Funk na Jamus kuwa tsofaffin waƙoƙin ƙasashen Larabawa suke tonowa, har da na Sharhabil Ahmed, wanda ake wa kirari da sarkin jaz na Sudan. Ostinato Records ma sun fitar da faifan Noori na Port Sudan a 2022, kiɗan ƙabilar Beja ne zalla. Ni dai a ganina babu kamarsa ga mai dogon tuƙi.

A Bandcamp, ƙarƙashin hoton kowane faifai za ka ga ƙananan hotunan waɗanda suka saya. Danna ɗaya, duk abin da mutumin ya tara zai bayyana, daga nan sai ka yi ta bi.

In za ka tura wa wani, don Allah waƙa ɗaya tak, ka ce masa ya fara daga minti kaza. Wanda ya tashi aiki bayan isha'i ba zai buɗe faifai guda cur ba.