Yadda za ka gane harajin muhalli na gaskiya da wanda aka shafa wa koren fenti kawai

Kwanaki a wurin mai shayin unguwarmu wani ɗan adaidaita ya ce wallahi shi duk wannan maganar sauyin yanayi ƙarya ce, dabara ce kawai ta ƙara tatsar talaka, aiko kafin ya rufe baki wani dattijo da ke noma a bayan gari ya ajiye kofinsa ya ce "yaro, haraji dai ka ce ƙarya, amma damina ta canza, ni na shuka gero sau biyu bana". Toh ni a ganina kowa na da gaskiyarsa a cikinsu, matsalar an cakuɗa magana biyu ne wuri ɗaya. Ga yadda nake bi in warware su duk lokacin da na ji an ce ga sabon harajin kare muhalli.

Farko dai ka raba tambayoyin. Shin yanayi na canzawa? Wannan ba sai Bature ya faɗa maka ba. Tafkin Chadi ya ƙafe da kusan kashi 90 cikin 100 daga shekarun 1960, ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, a Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, sai ga Mokwa a Mayun 2025. Eh akwai sakaci a ciki, dam ɗin da ba a gyara ba, magudanan da muka toshe da leda, gini a kan hanyar ruwa, amma ruwan sama mai sauka kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya shima yana ciki. Tambaya ta biyu kuma, shin wannan harajin da aka kawo zai yi maganin abin? Ita daban ce. Kana iya yarda da ta farko ɗari bisa ɗari ka ƙi ta biyun, ba wanda zai ce ka yi jahilci.

Daga nan ka tambaya, ina kuɗin za su? Nan ne ake kama ɓarawo. Ka duba dokar haraji da Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, akwai ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan man fetur da dizal, aka yi ta hayaniya a Facebook wasu na cewa harajin sauyin yanayi ne. Da aka matsa sai Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin gyaran haraji na gwamnatin tarayya a lokacin, ya fito ya ce abin tsoho ne, tun dokar hukumar gyaran tituna FERMA ta 2007 yake, na gyaran hanya ne, kuma ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya sa rana a hukumance. Kaga kenan in kuɗin titi ne a auna shi da titi, kar a zo mana da labarin ceto duniya. Kuma masu shakka ba daga sama suka samo shakkar ba, asusun kula da muhalli na Ecological Fund tun 1981 yake nan, kuma a 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da sama da naira biliyan 1 daga irin waɗannan kuɗaɗen, a 2022 aka yi masa afuwa. Wanda maciji ya taɓa sara ai ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Don haka ka nemi dokar kanta ka karanta, kar ka tsaya kan hoton da aka turo maka a WhatsApp, ka ga ko an rubuta asusun da kuɗin za su shiga da sunansa. In ba a rubuta ba, to baitulmali za su faɗa su narke da sauran.

Abu na gaba shi ne wanda na fi ba muhimmanci, wato mafita. Asalin hikimar irin wannan haraji shi ne a tsadada abu mai gurɓata iska don mutum ya koma wa wani mai tsafta. To in babu wanda zai koma wa fa? A Ailan a 2002 an sa santi 15 a kan kowace ledar kanti, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90, saboda me, saboda ɗaukar jaka daga gida ba ya cin komai. Yanzu kawo wannan kan mai walda ko tela da ke wuni da janareta don babu wutar NEPA, ka ƙara masa kuɗin mai, ina zai koma? Sola na da tsada, batir ya fi panel ɗin ma tsada. Ba zai rage hayaƙi ba, kuɗin ɗinki kawai zai ƙara, kai da ka kai shadda kai za ka biya. Kuma mun gani da idonmu, da iskar gas ta girki ta yi tsada gidaje nawa ne suka ajiye silinda suka dawo kan gawayi da itace, ga buhunan gawayi nan jibge a bakin titi, kowane buhu bishiya ce aka sare. Wato tsadar da ba ta da mafita tana iya ɓata muhallin ma fiye da da. Abin da zan yaba a dokar 2025 ɗin shi ne an cire kananzir da gas na girki da CNG, wato iskar gas ta mota, daga cikin ƙarin, amma ka tambayi kanka gidan sayar da CNG nawa ne a garinku, kuma nawa ake juya injin mota.

Sai kuma ka duba wa zai fi jin jiki. A Faransa ranar 17 ga Nuwamban 2018 mutane suka fito da rigunan nan masu ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi kan ƙarin harajin mai, yawancinsu mutanen ƙauyuka da ƙananan garuruwa ne da ba su da jirgin ƙasa a ƙofar gida, dole sai mota, ga shi kuma Macron bai daɗe da soke harajin dukiya na attajirai ba. Cikin Disamba gwamnati ta janye ƙarin. Su ba cewa suka yi duniya ba ta ɗumama ba, cewa suka yi don me sai mu. A Ghana ma a Fabrairun 2024 aka fara harajin hayaƙi, babur da keke napep sidi 75 a shekara, ƙananan motoci 150, manya 300, wato mai tsohuwar mota da ke tuƙa turnuƙu da mai sabuwa kuɗi ɗaya in girman injinsu ɗaya ne, to ina ruwan wannan da hayaƙi? Mahama na hawa ya soke shi a Afrilun 2025. Mu ma nan Buhari ya sa kashi 10 kan leda da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a 2023, Tinubu ya dakatar a Yulin shekarar.

Kar ka manta ka tambaya me aka mayar wa mutane. Suwidin tun 1991 take da harajin hayaƙi kuma har yau yana nan, don lokacin da suka sa shi sun rage wa ma'aikata harajin albashi. Kanada kuma ta kasance tana mayar wa gidaje mafi yawan kuɗin irin wannan haraji duk wata uku, amma mutane tsadar gidan mai suke gani kullum, alat ɗin kuwa ba su ma san na mene ne ba, a Afrilun 2025 firaminista Mark Carney ya soke harajin da ke kan mai. In ƙasar da ke maido kuɗi ta kasa shawo kan mutanenta, balle inda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce a yi haƙuri za a gani a ƙasa.

In kuma gardama ta haɗa ka da wani a majalisa, dan Allah kar ka fara da ce masa bai waye ba. In ya ce ai Turawa da China ne suka ɓata iska, ka ce gaskiyarka, duk Afirka abin da take fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. In ya ce ikon Allah ne, ka ce haka ne Malam, amma ai muna yashe kwata kafin damina. Sannan ku juya kan abin da za ku iya bincika tare, nawa jiharku ta karɓa daga asusun muhalli a bara kuma wane aiki aka yi da shi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar tarayya takarda ka nema, kwana 7 doka ta ba su su amsa. Ka yi kwafi biyu, ka sa sakatare ya buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka riƙe.