Yadda nake wanke gashi in miƙar da shi da wuta ba tare da ya ƙone ba

Yawancin matan da ke son a miƙar musu da gashi hankalinsu na kan na'urar miƙar da gashi ne: wace iri ce, zafinta nawa. Ni kuwa da nake wannan sana'a hankalina na kan wanki da busarwa, domin tun a nan ake gane ko gashi zai fito da sulɓi yana kaɗawa ko zai tashi a ƙandare. Wuta ce ƙarshen aikin, kuma ita ce mafi ƙanƙantarsa.

Ki fara sanin abin da ke kanki, 'yar'uwa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har bakinsa, shi ya sa yake saurin bushewa, kuma kowace lanƙwasa wuri ne da zai iya karyewa. Wuta, in ba ta yi yawa ba, ba ta sauya halittarsa. Wani riƙo ne mai rauni a cikin sili take sassautawa na ɗan lokaci, da ruwa ya taɓa shi sai ya koma yadda yake. Rilaksa kuwa, wato man sinadarin miƙar da gashi, tsinka wani riƙon mai ƙarfi take yi har abada. Wadda ta zaɓi wuta tana son gashinta ya dawo mata ne, kuma hakkin mai gyara ne ta tabbatar ya dawo.

Kada ruwa ya taɓa kai sai an tsefe. Nakan raba gashi gida huɗu, mai cika kuma gida shida, in shafa ɗan kwandishina, in warware da yatsu tukuna, sannan in sa mataji mai manyan haƙora daga baki in hau zuwa tushe. Wadda ta kwance kitso ta ƙara haƙuri a nan. Mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kuma duk wanda ya zube tun ranar da aka yi kitson yana nan maƙale. Idan ya jiƙe kafin a fitar da shi sai ya dunƙule, wani lokaci sai almakashi. Kowane kashi da na gama sai in yi masa kalaba sako-sako, a haka kuma nake wanke shi.

Ruwa mai ɗumi nake amfani da shi, ba mai zafi ba, kuma shamfu sau biyu. Na farko mai ƙarfin cire maiƙo, ya kwashe tsohon mai da jel da ƙura. Na biyu mai laushi, ya mayar da danshi. Wasu na tsoron na farkon wai yana busar da gashi, amma ni ba na tsallake shi ranar da za a sa wuta. Miƙar da gashi mai dauɗa daidai yake da goge rigar da ba a wanke ba, dattin ne kawai za ki ƙara manna mata. Fatar kai ake cuɗawa, da cikin yatsu, ban da farce. Kada ki tattara gashin ki tula shi a tsakar ka kina murzawa, ki bar kumfar ta gangara da kanta. Sai ki ɗauraye sosai har ruwan ya fito fes.

Daga nan ki sa kwandishina mai kauri, ki fi ba bakin gashi, ki rufe da hular leda minti 15 zuwa 20, sannan ki wanke shi tas. Ki matse ruwan da tsohuwar riga ta auduga, ba a gurza gashi da tawul.

A nan ne nake yawan saɓawa da mutane. Ba a lafta mai kafin wuta. Man kaɗanya da baselin suna da ranarsu, amma idan suka haɗu da ƙarfe mai zafi gashin yakan yi nauyi, ya manne, ya yi ta hayaƙi. Abin da ake buƙata shi ne man kare gashi daga zafi, irin mai silikon, ɗan kaɗan a tafin hannu ga kowane kashi. Sai ki ɗauki diraya a matsakaicin zafi, ki ja gashin da hannu ɗaya ya miƙe, ki bi shi da iska daga tushe zuwa baki, bakin dirayar na kallon ƙasa. Idan kika yi wannan da kyau, fiye da rabin miƙarwar ya samu.

Gashin ya bushe ƙarau, ina nufin ƙarau. Ki cusa yatsu a ƙeya da tsakar ka, nan ne danshi ke ɓuya, idan kika ji sanyi-sanyi to da saura. Ruwan da ke cikin sili yana tafasa idan ƙarfe ya kama shi, ya huda shi daga ciki, kuma babu man da ke gyara wannan. Da kin ji ƙarar tas-tas, ki ajiye na'ura ki koma kan diraya.

Zafin ya danganta da kaurin sili, ba yawan gashi ba. Mai sirara, ko wanda aka yi wa rini, ina tsayawa tsakanin digiri 150 da 165 a ma'aunin Salshiyas. Matsakaici 175 zuwa 185. Mai kauri sosai ba na wuce 200. Na'urori da yawa suna kai wa 230, a daidai nan kuwa sinadarin keratin da aka gina gashi da shi yake fara lalacewa, don haka lambar tana jikin na'ura ba ya nufin a yi aiki da ita. Matajin ƙarfe da ake ɗorawa a wuta ba shi da ma'auni, sai ki gwada shi a farar takarda. In ya bar jan tabo, ki jira ya huce.

Ki riƙa ɗebo gashi siriri, kaurin kamar santimita 1, faɗinsa kada ya fi na bakin na'ura. Ki sa mataji mai ƙananan haƙora a gaba, na'ura na biye da shi, ki tafi a hankali ba tsayawa har baki. Sau ɗaya ya isa, in ya ƙi, sau biyu. Bi ɗaya a natse ya fi bi biyar da gaggawa. Gashin gaban goshi da na gefen kunne ki rage masa zafi, shi ya fi rauni. Hancinki ma ya yi aiki: ɗan tururi ba komai, amma ƙauri alamar ƙuna ce.

Ki kiyaye fatar kai. A 1968 wasu likitocin fata a Amurka sun yi bayanin wani sanƙo da ke farawa daga tsakar kan mata baƙaƙe, suka alaƙanta shi da matajin wuta da narkakken mai. Daga baya an same shi har ga matan da ba su taɓa sa wuta ba, amma duk wadda tsakar kanta ke raguwa, ko take jin zafi da ƙaiƙayi a wurin, ba na sa mata wuta, likitan fata nake tura ta. Inda tabo ya zauna gashi ba ya sake tsirowa.

Bayan an gama, da dare ki naɗe gashin a kewayen kai ki ɗaure da kallabin siliki, ki kare shi daga ruwa da gumi. Zai kai mako ɗaya zuwa biyu. Idan tushe ya fara tashi kada ki sake bin sa da wuta, ki tufke shi har ranar wanki. A wankin za ki ga sakamakon: silin da ya murɗe ya koma yadda yake lafiya lau ne, wanda ya tsaya a miƙe ya ƙone, sai a riƙa datse shi kaɗan-kaɗan. Ni shawarata a bar aƙalla wata biyu zuwa uku kafin a sake sa wuta.