Yadda ake fitar da karkatar layi tsakanin ɗigo biyu a giraf ɗin Excel

Mutane da yawa suna zana giraf su tsaya kallon layi yana hawa suna murna, alhali giraf ɗin ba zai gaya maka saurin hawan ba, wato karkatar layin, sai ka lissafa da kanka. Lissafin kuma ba wuya: bambancin y (lambobin tsaye a giraf), ka raba shi da bambancin x (lambobin kwance), shi ke nan.

A ce kana kiwon rago kana auna shi. A kolum A ka sa kwanaki, su ne x, A2 zuwa A4: 0, 14, 35. A kolum B kuma nauyinsa da kilo, shi ne y: 30, 33, 36. To ka je C3 ka rubuta =(B3-B2)/(A3-A2) ka danna Enter, sannan ka kama ɗan ɗigon nan na kusurwar akwatin ka ja shi ƙasa. C2 ka bar shi fayau tunda babu komai kafinsa. Kar fa ka manta da bakan nan guda biyu, in ka cire su Excel zai fara yin rabawa kafin ɗebewa ya ba ka shirme.

Yanzu duba abin da ya fito, C3 kusan 0.21, C4 kuma 0.14. Duka kilo 3 ragon ya ƙara amma na farko a kwana 14 na biyu sai da ya ci kwana 21, wato ƙibar ta ja baya, ko dusar ta yi kaɗan ko dai a duba lafiyarsa. Nan ne wallahi Line chart ke yaudarar mutane, don in x ɗinka lambobi ne kawai yana jera su da tazara iri ɗaya, sai ka ga layi a miƙe sambal kamar ba abin da ya canza. Ni dai shawarata ka zaɓi Scatter, shi ne ke ajiye kowane ɗigo a ainihin wurinsa.

In kuma lamba ɗaya kake so ta duka bayanan, rubuta =SLOPE(B2:B4,A2:A4), y ne farko sannan x, kar ka juya su. Zai ba ka kusan 0.17. Ko ka yi rayit kilik a kan ɗigo a giraf ɗin Scatter, ka zaɓi Add Trendline, ka sa alama a Display Equation on chart, lambar da ke manne da x ita ce. Duk fomulolin nan suna aiki a Google Sheets ma ko a waya.

In ka ga #DIV/0! to wataƙila kwana ɗaya ka rubuta sau biyu a jere a kolum A, je ka gyara.