Yadda ake gano mamaci ta hanyar haƙoransa

Idan gawa ta ƙone ko ta ruɓe har fuska ba ta ganuwa, yatsun da za a ɗauki zanensu ma babu, haƙora ne ke saura, don ɓawon haƙori ya fi komai ƙarfi a jikin mutum. Bayan tsunamin 2004 akasarin gawarwakin baƙin da aka fara ganewa a Tailan da haƙora aka gane su. Aikin shi ne a kwatanta haƙoran gawar da fayil ɗin da likitan haƙori ya ajiye tun mutumin yana raye. Amma masu koyo kullum wuri ɗaya suke tuntuɓe, gaggawa.

Da farko kar ka taɓa komai sai ka ɗauki hoto. Haƙorin da ya sha wuta yana nan tsaye kamar lafiyayye, kana sa buroshi sai ya rugurguje a hannunka, shi kenan shaida ta tafi. A ɗiga masa gam ya kama jikinsa kafin a ɗaga gawar, tokar da ke ƙarƙashin kai kuma a rairaye ta, haƙoran gaba saiwarsu ɗaya ce suna yawan zubewa.

Sai ka cika fom ɗin gawa, a tsarin Interpol, wato ƙungiyar 'yan sandan duniya, shi ne mai ruwan hoda, na bayanan lokacin da mutum ke raye kuma rawaya ne. Ka bi gurbin haƙora 32 ɗin ɗaya bayan ɗaya: wanne ke nan, wanne ke da ciko, a wane gefe, na ƙarfe ne ko fari. Farin ciko yana ɓuya sosai, ka haska shi da fitilar UV, mai hasken da ke fito da shi, ka kuma yi eksire ɗin duka bakin, har inda kake ganin ba komai. In ka ga giɓi ka leƙa ramin, in mai kaifin baki ne a buɗe to bayan mutuwa haƙorin ya faɗi, wanda ƙashi ya cike ya shafe tun da rai aka cire shi.

Ni dai ba na yarda wanda ya duba gawa ya buɗe fayil ɗin likitan mamacin kafin ya gama nasa rubutun. Da ka san abin da kake nema ido zai fara nuna maka shi ko babu.

To ga inda ake kwafsawa, fayil ɗin. Ka nemi ainihin eksire ɗin, fotokwafi ko hoton waya ba sa aiki. Sannan ka tabbatar da wane lissafin haƙora likitan ya yi amfani, domin a tsarin FDI, wato na ƙungiyar likitocin haƙori ta duniya, lamba 11 haƙorin gaba ne na sama ta dama, a tsarin Amurka kuwa 11 fiƙa ce ta sama ta hagu. Na ga masu koyo sun kore mutumin da shi ne ɗin saboda wannan kawai, wasu kuma sun kifa fim ɗin eksire, hagu ta koma dama. Damar mamacin ake nufi fa, ba taka ba.

Wajen kwatantawa, bambanci iri biyu ne. Fayil ya ce haƙori lafiya lau amma a gawa akwai ciko, wannan ba matsala, ƙila ya je wani asibitin daga baya. Amma fayil ya nuna an cire turmi ga shi kuma daram a bakin gawa, to ba shi ba ne, sai in likitan ne ya rubuta lamba ba daidai ba.

Aikin ya fi gwajin DNA sauri da araha nesa ba kusa ba, in dai akwai fayil. In babu, iyakacinka ka ƙiyasta shekaru, ga yara ma ya fi fita daidai. A sakamakon ka rubuta: ko dai shi ne ɗin, ko mai yiwuwa, ko ba shi ba, ko shaida ba ta isa ba, wani likitan ya sake dubawa kafin ku sa hannu.