Yadda ake hango cikin ɓera da ƙwayoyin nano masu ƙyalli

Ƙannena 'yan unguwannin Nima da Mamobi na Accra masu karatun kimiyya a Jami'ar Ghana da ke Legon, ga bayanin da kuka daɗe kuna nema. Ana yi wa ɓera allurar wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, a haska jikinsa, su kuma su mayar da wani haske da kyamara ke kamawa. Haka ake bin sawun magani ko ƙarin ciwon daji ba tare da an yanka dabba ba.

Ku fara da samun izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji.

Daga nan sai abinci, kuma nan ne aiki ya fi lalacewa. Abincin ɓeraye da yawa yana da ganyen alfalfa, sinadarin da ke sa ganye kore kuwa yana ƙyalli a wajen nanomita 680 (nanomita ɗan ƙaramin ma'aunin tsawo ne, da shi ake auna zangon haske). Sai hanji ya haske a hoto, mutum ya ɗauka ƙwayoyin da ya yi allurarsu ne. Ku sauya abincin mako guda kafin ranar aiki. Ku aske wurin da za a duba, don gashi na tare haske, musamman baƙi.

Ku zaɓi ƙwayoyi masu ƙyalli tsakanin nanomita 700 da 900. Ƙasa da haka jini na shanye hasken, sama kuma ruwan jiki ya fara shanyewa.

Ranar aiki a sa ɓeran barci da isofuluren, maganin sa barci da ake shaƙa, kamar kashi 2 cikin ɗari, a kwantar da shi kan faranti mai ɗumin digiri 37, domin sanyi na saurin kama shi. Ku ɗauki hoto kafin allura. Da shi za ku auna sauran. A ɗumama wutsiya jijiya ta fito, a zuba ruwan ƙwayoyin mikrolita 100 zuwa 200 a hankali (mikrolita 1000 ne mililita ɗaya). Sai hoto bayan awa 1, awa 4 da awa 24, ba tare da taɓa saitin kyamara ba. A Accra kuwa, ku jona na'urar da batir tun farko, kada dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya yanke muku aiki ɓera na kwance.

Hanta da saifa za su yi haske sosai, su ne ke tsince baƙin abu daga jini. Ƙwayar da girmanta bai wuce nanomita 5.5 ba ƙoda ke tacewa, sai ku ga mafitsara ta haske. Abin da ke kusa da fata ya fi fitowa fili a kan na can ciki, don haka kada ƙarfin haske kaɗai ya sa ku yanke hukunci kan yawan ƙwayoyin da suka isa wata gaɓa.