Yadda za ka tara jama'a a kan bene ko gada ba tare da girgiza ta zama haɗari ba

Duk mai shirya taro a saman bene, ko dandamalin 'yan kallo, ko gadar ƙafa, yakan tambaye ni mutum nawa wurin zai ɗauka. Kafin in amsa, sai na ji abin da za su yi a kai. Mutum dubu a zaune ba su tayar mini da hankali kamar ɗari uku masu tsalle kan kiɗa ɗaya.

Kowane gini yana da saurin da yake lilo da shi idan an taɓa shi. Yaro a kan lilo ba ya buƙatar turi mai ƙarfi, muddin ana tura shi a daidai lokaci, to haka gini yake. Mai tafiya yana taku kusan biyu a daƙiƙa, mai tsalle biyu zuwa uku. Idan wannan ya zo daidai da saurin lilon ginin, kowane taku ƙari yake yi kan na baya. Saboda haka ka sa injiniya ya auna maka wannan saurin da na'ura, kada ya tsaya kan lissafin nauyi. Bene mai faɗi marar ginshiƙi a tsakiya shi na fi tsoro, domin lilonsa a hankali yake, kusa da takun mutane.

Kada ka manta da motsin gefe. Gadar ƙafa ta Millennium a Landan an buɗe ta ranar 10 ga Yuni 2000, bayan kwana biyu aka rufe. Da ta ɗan karkata, sai kowa ya ware ƙafa don kada ya faɗi, wannan gyaran tsayuwa kuwa shi ya ƙara mata lilon. Sai a 2002 aka sake buɗe ta, bayan an ɗaura mata na'urorin shanye girgiza.

Ranar taro, abin da ke hannunka shi ne raba takun mutane. Tun da gadar Broughton ta rufta da sojoji masu maci a Ingila a 1831 ake umartar soja su saɓa taku a kan gada. Ka shigar da jama'a rukuni-rukuni, masu rawa da motsa jiki su koma ƙasa. A 2011 wani bene mai hawa 39 a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ya girgiza har aka kwashe mutane, ashe 'yan motsa jiki ne a hawa na 12.

Ka ajiye mutum ɗaya wanda aikinsa kawai lura, ka kuma ba shi ikon tsayar da kiɗa. Fitila na kaɗawa, ƙarfen dogarawa na rawa a hannu, kusoshi na ƙara, siminti na zubo ƙura: da ya ga ɗaya, a kashe kiɗa nan take. Amma don Allah kada a yi ihun gini zai faɗi, turereniya kan matakala tana iya kashe mutane ginin yana tsaye. A sanar cikin natsuwa, a fara fitar da na kusa da ƙofa, kuma kada a koma sai injiniya ya duba mahaɗan ƙarfe da ginshiƙai.