Kurakuran da aka fi yi wajen sayen agogon zamani a Damagaram, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya saba zama a fadar samari a Birni ko Zango ko Sabon Gari, a lokacin da ake jiran shayi na biyu ya nuna, ya san cewa hirar agogon zamani, wato agogon hannu da ke haɗuwa da waya, ta shiga cikin gardamomin da ba sa ƙarewa. Wani ya ce a saya yanzu tun kaya na kasuwa, wani ya ce a dakata sai lokacin ragi na ƙarshen shekara, na uku kuma ya rantse cewa sabon samfuri na nan tafe wanda zai mayar da na yau tsohon yayi. Gardamar tana da daɗin saurare, sai dai mafi yawanta aro ce daga ƙasashen da kamfanonin ke da kantunansu da masu gyaransu da garantin da ake cikawa. Apple, alal misali, ba shi da kanti nasa na kansa ko ɗaya a duk nahiyar Afirka, kuma abin da ke isowa Kasuwar Dole da shagunan waya na cikin gari yana biyowa ne ta hannun ƴan kasuwa, daga Kano ko Yamai ko Dubai ko Sin. Mantawa da wannan shi ne tushen yawancin asarar da ake yi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne mutum ya zaɓi agogo kafin ya dubi wayar da ke aljihunsa. Apple Watch, tun fitowarsa a shekarar 2015, ba ya tashi aiki sai an haɗa shi da iPhone, kuma babu wata dabarar mai gyara da za ta sa ya yi aiki yadda ya kamata da Tecno ko Infinix ko Samsung. Haka nan agogunan Samsung, daga Galaxy Watch 4 na shekarar 2021 zuwa waɗanda suka biyo bayansa, suna tafiya ne da manhajar Wear OS, ba sa haɗuwa da iPhone. Akwai kuma wani tarko da ba a cika ambata ba, alhali mu ya fi shafa: Wear OS ba ta aiki da wayoyin da ke ɗauke da Android Go, wato sassauƙar Android da ake sa wa ƙananan wayoyi masu araha, irin waɗanda suka cika hannun jama'a a nan. Gyaran wannan kuskure ba ya cin ko dala. Mai saye ya buɗe saitin wayarsa ya ga wace Android ce a ciki, ya tafi shago da wayar a hannu, kuma kada ya miƙa kuɗi sai ya ga agogon ya haɗu da ita, saƙo ya shigo, kira ya shigo. Idan wayar ƙarama ce, agogunan Oraimo, wanda kamfani ɗaya ne da Tecno da Infinix da itel, ko na Xiaomi da Amazfit, sun fi dacewa da ita, domin manhajarsu ba ta da nauyi.

Daga nan sai batun jabu, wanda ya cancanci a daɗe a kansa. Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya shigo gida yana washe baki, ɗaure da wani agogo mai faffaɗan gilashi da maɓallin ruwan lemo a gefe, ya ce mini: "Kawu, Apple Watch Ultra ne, mai shagon ya ce daga Dubai aka kawo shi, ya kuma yi mini ragi saboda sanayya." Na ce ya kwance shi ya riƙe shi a iska, ba tare da ya taɓa fatar kowa ba, ya danna awon bugun zuciya. Ba a yi minti ɗaya ba agogon ya ba da lamba, kamar dai iskar tana da zuciya. Da muka buɗe takardar cikin kwali, sai ga umarnin a sauke wata manhaja mai suna FitPro, wadda ba ta da alaƙa da Apple ko kusa. Irin waɗannan agoguna masu sunaye kamar T800 Ultra da T900 Ultra kwaikwayon siffa ne kawai, kuma ni ban ga laifin wanda ya saye su yana sane, don ya ga lokaci da saƙonni, a kan kuɗin da ya dace da su ba. Laifin shi ne a biya kuɗin doki a koma gida da jaki.

Kwali ba shaida ba ne, haka ma lambar da aka buga a jikinsa, domin masu jabu suna kwafe lambar agogon gaske su manna. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce haɗuwa: Apple Watch na asali yana haɗuwa ne ta manhajar Watch da ke cikin iPhone, Galaxy Watch kuma ta Galaxy Wearable, duk wanda ya nemi wata manhaja ta dabam to ba shi ba ne. Awon bugun zuciya ma ana iya jarraba shi a tsaye a bakin shago. Koren hasken da ke ƙyaftawa a bayan agogon yana auna yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a ƙarƙashin fata a kowane bugu, saboda haka mutum ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugun daƙiƙa 30 ya ninka biyu, ya kwatanta da abin da agogon ya nuna, sannan ya yi ɗan sassarfa ya sake gwadawa. Idan lambar ba ta motsa ba bayan sassarfar, agogon zato yake yi.

Mafi hatsari a cikin kurakuran shi ne mayar da agogo likita. Ana tallar wasu da cewa suna auna sukarin jini ba tare da an huda yatsa ba, kuma an ga dattawa masu ciwon sukari da ƴaƴansu suka saya musu don ƙauna. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito fili ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke da'awar yin wannan awo shi kaɗai ba, domin lambar ƙarya tana iya sa mutum ya ƙara magani ko ya rage shi ba bisa ƙa'ida ba. Mai ciwon sukari ya riƙe na'urarsa ta huda yatsa, mai hawan jini ya riƙe ma'aunin da ake ɗaurawa a damtse, agogo kuwa ya tsaya a matsayin mai ƙirga taku da lura da barci. Ko a wajen agogunan asali, ba duk abin da aka gani a talla ne yake aiki a kowace ƙasa ba. Awon hawan jini da na lantarkin zuciya a Galaxy Watch yana buƙatar wayar Samsung, kuma kamfanin yana buɗe shi ne ƙasa bayan ƙasa gwargwadon izinin hukumomi. Agogunan Apple da aka sayar a Amurka daga Janairun 2024 ma sun fito da awon iskar jini a rufe, saboda rikicin haƙƙin ƙirƙira da kamfanin Masimo, sai a watan Agustan 2025 aka maido da shi ta wata sabuwar hanya. Tunda kayanmu daga ko'ina suke zuwa, wajibi ne a tambayi ƙasar da aka yi wa agogon, a kuma gwada aikin da ake so a gaban mai shago.

Sai maganar jira, wadda ita ce zuciyar gardamar fada. Gaskiya ne cewa Apple ya saba bayyana sababbin agogunansa a watan Satumba, Samsung kuma a Yuli ko Agusta, kuma gaskiya ne cewa manyan kantunan Turai da Amurka suna yin ragi a ƙarshen Nuwamba. Kuskuren shi ne zaton cewa wannan ragi zai sauka a Damagaram a mako guda. Ɗan kasuwar da ya sari kayansa da tsada ba zai karya farashi don an yi biki a wata nahiya ba. Abin da ke motsa farashi a nan shi ne canjin naira da sefa ga kayan da ke biyowa ta Kano, da kuɗin duwan, da kuɗin mota, da halin da iyakar Nijar da Najeriya take ciki, kamar yadda kowa ya gani lokacin da aka rufe ta a 2023 har zuwa Maris na 2024. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 a yuro ɗaya, naira kuwa tana hawa da sauka, don haka wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, lura da canji ya fi masa amfani a kan lura da kalandar kamfani. Jiran da ke da ma'ana ɗaya ne: idan sabon samfuri ya fito, bayan ƴan watanni na bara yakan sauko, kuma bambancin da ke tsakanin samfurin bara da na bana sau da yawa bai kai bambancin kuɗinsu ba.

Akwai masu yin kishiyar wannan, su sayi tsohon agogo na hannu suna cewa ai sabunta manhaja zai mayar da shi sabo. Sabuntawa ba ta dasa wa agogo na'urar da ba a ƙera shi da ita ba, kuma ita kanta tana da wa'adi. Lokacin da watchOS 11, manhajar Apple Watch, ta fito a 2024, an bar samfuran Series 4 da Series 5 da SE na farko a baya. Wanda zai sayi na hannu ya fara duba ko samfurin yana cikin waɗanda ake sabuntawa, ya shiga saitin batir ya ga lafiyarsa, wadda in ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 to canji ya gabato. Abu mafi muhimmanci shi ne kulle: Apple Watch yana ɗaure da asusun mai shi na farko, kuma idan bai cire shi ba, agogon ba zai buɗu wa kowa ba, ko an goge shi sau goma. Mai sayarwa ya cire asusunsa a gaban mai saye, mai saye ya haɗa da wayarsa a nan take. Alƙawarin "je ka, gobe zan turo maka lambar sirri" ya cinye kuɗin mutane da yawa.

Yanayin garinmu ma yana da nasa hukunci, kuma tallar kamfani ba ta san da shi ba. Apple ya rubuta cewa agogonsa ya fi aiki daidai tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40. Batirin litiyom yana saurin tsufa da zafi, saboda haka barin agogo a cikin mota a rufe, ko yi masa caji a ɗakin kwano da tsakar rana, rage masa kwana ne. A yi cajin da dare ko da asuba, a wuri mai iska. Shekaru da dama Apple ya yi ta alƙawarin awa 18 ne a caji ɗaya, alhali manyan Huawei Watch GT suna iya kai mako biyu, kuma ga wanda wutar unguwarsa ba ta da tabbas, ko mai yawan tafiya ƙauye, wannan bambanci ya fi kyan gilashi nauyi.

Game da ruwa, tambayar da ta dace da mu ita ce ta alwala sau biyar a yini. Alamar IP67 tana nufin ƙura ba ta shiga, wanda alheri ne a lokacin hunturu, kuma agogon yana jure zurfin mita ɗaya na minti 30. Alamar 5 ATM ita ce ta dace da iyo. Fantsamar ruwan alwala ba ta cutar da agogon asali mai ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ko da yake dole ne a kwance shi ko a sassauta shi don ruwa ya kai ga fata. Sabulu da ruwan zafi su ne ke cinye robar da ke toshe ƙofofinsa, don haka a cire shi kafin wanka da wanki. A jikin jabu kuwa alamar rubutu ce kawai, kada a gwada ta da buta.

Wasu suna ƙara kuɗi masu yawa don samfurin da aka ce yana kira ba tare da waya ba. A agogunan Apple da Samsung wannan aiki yana tafiya ne da layin da ake dasawa a cikin na'ura, ba katin da ake sakawa ba, kuma sai kamfanin sadarwa yana da yarjejeniyar yin hakan ga agogo. Kafin a biya, a je ofishin Airtel ko Moov ko Zamani, duk wanda mutum yake amfani da layinsa, a tambaya ƙarara ko suna kunna layi a agogo. Idan amsar babu ce, samfurin Bluetooth zalla ya wadatar, yana amsa kira matuƙar wayar tana kusa, kamar tazarar mita goma.

Caja kuma abin raini ce da ke kwantar da agogo mai lafiya. Yawancin agoguna suna da cajar maganaɗisu ta musamman, wadda ta wani samfuri ba ta zama a kan wani, kuma idan ta ɓace ko ɓera ya ci igiyarta, ana iya yin makonni ana jiran mai zuwa Kano. Tun a wurin ciniki a tambayi mai shago ko yana da cajar a ware da maɗaurin canji, in akwai a sayi ta biyu a ajiye. A kuma nemi ya rubuta a takarda sunan samfurin da lambarsa da ranar saye da adadin kwanakin da ya yarda a maido masa da kaya idan aibi ya bayyana, ya sa hannu, ya buga hatimin shagon idan yana da shi.